Me Ya Sa Abin da Na Nuna Yake Gocewa a Duniyar Kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon haɗa manhaja da tabarau na Meta Quest, wanda ke nuna wa mutum duniyar kwamfuta kamar yana cikinta. In na nuna abu mai nisa da zaren hasken da ke fita daga rimot, da zarar na danna sai ya goce ya kama na kusa da shi. Ko na kama daidai, juya shi ya gagara. Na'urar ce ta lalace? Ɗalibi, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lafiyar na'urarka ƙalau, matsalar tana wuyan hannu. Sa'ad da manuniya ta ja kunamar rimot, hannu yakan ɗan karkata. Karkatar digiri 1 kacal tana kawar da bakin zaren da kusan santimita 9 in abin yana nisan mita 5. To ka ga kofi ko makulli ai tuni an wuce shi.

Gyaran yana cikin manhajarka. Ka sa ta riƙa adana inda zaren yake, in an danna ta ɗauki wurin da ya nuna kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kafin dannawar. Ka kuma faɗaɗa akwatin taɓawa (iyakar da ba a gani wadda manhaja ke gane an taɓa abu da ita) na ƙananan abubuwa ya ɗara girmansu, abin da aka nuna ya sake launi tun kafin a danna.

Juyawa kuwa, abin da ke bakin zare kamar ƙwarya ce a kan doguwar gora: kana kai ta dama da hagu, amma ba ka iya juya ta yadda kake so a wurinta. Shi ya sa masu bincike Doug Bowman da Larry Hodges suka fito da dabarar HOMER a 1997. Zare ne zai zaɓo abin, sannan hannunka na cikin manhaja ya tsallaka can, abin ya bi juyin wuyan hannunka. Ita muka fi ba ka shawara. Akwai dabarar Go-Go ta 1996, wadda hannunka na cikin manhaja ke tsawo in hannunka na gaske ya wuce kusan biyu bisa uku na miƙewarsa, sai dai saiti da ita a nesa yana da wuya.

In ka ajiye rimot kana haɗa babban yatsa da manuniya, kyamarorin tabarau ne ke bin hannunka. Lokacin hunturu ƙura takan lulluɓe su, ka goge da busasshen ƙyalle mai laushi. Ɗaki ya kasance da haske, amma kada ranar Sakkwato ta faɗa cikin gilasan, tana ƙona allon da ke ciki.