Makarantu uku ke gaban 'yata, wacce za mu zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Bronx ne, 'yata bana take gama sakandare kuma aikin jinya take so. Wata jami'a mai zaman kanta a can arewacin jihar New York ta ba ta sikolashif na dala 25,000 duk shekara, sannan Macaulay Honors, shirin ɗalibai masu hazaƙa na jami'ar birnin New York (CUNY), sun ɗauke ta a kwalejin Lehman da ke nan Bronx. Sai kuma wani mutum a masallacinmu yake ta cewa babanta a sa ta wata ƙaramar kwaleji ta 'yan kasuwa nan kusa da mu, wai karatunsu na sauri ne, in ta tara kiredit, wato makin kwasa-kwasan da ta ci, sai ta yi taransifa duk inda take so. Wallahi kaina ya kulle, ko barci ba na iya yi, tsoro nake kar mu cuci yarinyar nan da hannunmu.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya ta ya yi mata albarka. Ki kwantar da hankalinki, yarinyar da Macaulay ta ɗauka ba ƙaramin ƙoƙari ta yi ba.

Bari in fara da dala 25,000 ɗin nan tunda na san ita ce ta fi ɗaukar ido. Ba abin da suka ba ki za ki duba ba, abin da ya rage a kanku za ki duba. Ki ɗauko takardar da suka turo, ki haɗa kuɗin makaranta da na ɗaki da abinci, ki cire kyauta zalla, wato sikolashif da Pell (tallafin gwamnatin tarayya) da TAP (tallafin jihar New York), duk layin da aka rubuta bashi ne ko Parent PLUS (bashin da ake ba iyaye) kar ki cire shi don wannan ku za ku biya har da ruwa. Jami'o'in nan masu zaman kansu da yawa in aka haɗa komai suna haura dala 60,000 a shekara, kin ga ko an cire 25 da sauran aiki. Ki kuma tambaye su GPA, wato matsakaicin maki, nawa za ta riƙe kafin a sabunta mata, kuma in kuɗin makaranta ya ƙaru baɗi sikolashif ɗin zai bi shi ko yana nan inda yake. Yawanci yana nan inda yake.

Macaulay kuwa in ta cika sharaɗin zama 'yar jihar New York, kuɗin karatu na shekara huɗu an ɗauke muku, ƙananan kuɗaɗen rajista da littattafai ne naku, ga mai ba ta shawara nata na musamman, ga shi daga gida za ta riƙa tafiya. Amma ba wurin hutu ba ne, GPA ɗin da suke nema yana kaiwa 3.5, sannan shiga sashen jinya na Lehman ba kai tsaye ba ne, sai ta ci kwasa-kwasan share fage ta sake nema.

Toh yanzu maganar mutumin masallaci, kuma nan ne zan daɗe don wallahi na gaji da ita, kusan duk sati sai wani ya zo ofis da wannan ciwon. Mutanenmu sun ɗauka kiredit kamar dala yake, duk shagon da ka kai za a karɓa. Ba haka ba ne. Makarantar da za ki koma ita kaɗai ke da ikon cewa ta karɓa ko ba ta karɓa ba, wadda kika baro ba ta da ta cewa ko kaɗan, ko da mai tallanta ya rantse miki da abin da zai kashe shi. Abu na farko da za su duba wace hukuma ce ta tantance makarantar, a nan yankinmu Middle States ce aka fi sani, in wata can ce da ba sa yarda da ita ko buɗe takardar ba za su tsaya yi ba. In an wuce nan sai su bi kwas ɗaya bayan ɗaya, wanda aka samu ƙasa da C yawanci ya tafi, wanda bai yi daidai da nasu ba sai su ce sun karɓa amma a matsayin na cike gurbi, wato yana nan a takarda amma bai matsar da ita ko taku ɗaya zuwa digirin ba, kuma kwasa-kwasan jinya su ne ma suka fi wuyar bin mutum saboda kowace makaranta tana so ta horar da nata da kanta. A 2017 ofishin binciken gwamnatin Amurka, GAO, ya fitar da rahoto cewa ɗaliban da suka canza makaranta sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Kusan rabi fa Hajiya! Ki tambayi waɗanda suke ITT Tech, ita ma kwaleji ce ta 'yan kasuwa, lokacin da aka rufe ta a 2016 yadda suka ƙare da takardunsu.

Kuma ba lokaci kaɗai ake asara ba. Pell zangon karatu 12 ne a duk rayuwar mutum, TAP kuma 8 ne ga mai digiri, in ta cinye huɗu a wurin da ba za a karɓi kiredit ɗinsa ba babu wanda zai maido mata su, sai ki ga yarinya ta zo aji huɗu tallafi ya ƙare an koma cin bashi. Sannan manyan sikolashif na sababbin shiga ne, ranar da ta yi rajista a kwalejin can ta tashi daga sabuwar ɗaliba, kujerarta ta Macaulay ba za ta zauna jiranta ba.

Ba wai taransifa ce ba ta da kyau ba. Wanda ya fara a Hostos ko Bronx Community College ya koma Lehman ko Hunter yana cikin gida ɗaya ne, tsarin Pathways na CUNY tun 2013 ya sa kiredit 30 na darussan gama-gari suna bin ɗalibi duk inda ya je a cikin CUNY. Wannan a rubuce yake, shi ne bambancinsa da "wani ya ce". Amma 'yarki ma ba ta buƙatar wannan zagayen, ƙofa a buɗe take gabanta, me zai kai ta tsallaka katanga?

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda muke ɗaukar maganar mutum don kawai sahu ɗaya muke sallah. Ba na cewa mugu ne, ƙila da zuciya ɗaya ya faɗa, amma shi ba zai biya bashin ba, kuma ba 'yarsa ce za ta maimaita aji ba. Ku ji tsoron Allah jama'a, abin da ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. In Alhaji ya dage, ki ce ya je kwalejin ya nemi yarjejeniyar karɓar kiredit da suka sa hannu da Lehman ko Hunter, a rubuce, da sunan kowane kwas, ki ga yadda za su fara kame-kame.

Ni dai da 'yata ce, Macaulay zan ce. Ki duba takardunsu ki ga ranar ƙarshe ta amsawa, yawanci 1 ga Mayu ce, kar ku bari ta wuce ana ta shawara.