Tambayoyinku: Za a iya gyara bayanan kanjamau a Wikipedia da waya?

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon saƙonnin sun taru a kan abu ɗaya, kusan duk daga nan Legas, wato yadda za a sa hannu a gyara bayanan HIV da kanjamau a Wikipedia ta Hausa. Masu tambayar batir da wayar da ta faɗa ruwa ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Salam malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a Idi-Araba. Na duba bayanin kanjamau a Wikipedia ta Hausa naga wasu wuraren Hausar a murde take kuma akwai abubuwa dayawa da babu. Banda laftof sai waya, zan iya gyarawa ko sai ma'aikatansu?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ai babu wasu ma'aikata da suke zaune a ofis suna rubuta shafukan nan, tun da aka buɗe Wikipedia a 2001 'yan sa-kai ne irinmu suke yi, kuma wayarki ta isa. Ki buɗe burauza ki shiga ha.wikipedia.org ki buɗe asusu, kyauta ne. In kin je shafin za ki ga alamar fensir a gefen kowane sashe, ki taɓa ta. Hanyar gyara biyu ce, akwai mai nuna alamomi birjik kamar rubutun masu haɗa manhaja, akwai kuma mai nuna shafin yadda mai karatu yake ganinsa, ki zaɓi ta biyun tunda yanzu kika fara. Kafin ki wallafa za a ba ki ɗan akwati ki faɗi abin da kika canza, kar ki bar shi fayau, ko layi ɗaya ne ki rubuta. Kuma kar ki ji tsoron ɓata shafi, duk gyaran da aka taɓa yi yana nan a tarihin shafin ana iya mayar da shi.

In rubutun mai tsawo ne ki fara yin shi a manhajar ajiye rubutu ta wayarki sannan ki kwafo, saboda sabis yana iya yankewa kina tsakiyar aiki ko caji ya ƙare an ɗauke wuta, ki rasa aikin awa guda.

Sai babbar maganar, wato madogara. Ke ma'aikaciyar lafiya ce amma Wikipedia ba ta karɓar "na sani saboda aikina ne", kowace magana ta lafiya sai an nuna inda ta fito. A cikin kayan gyaran akwai maɓallin saka madogara, ki liƙa adireshin shafin da kika samo bayanin, sau da yawa da kanta za ta cike sunan shafin da kwanan wata. Ki riƙe Hukumar Lafiya ta Duniya da UNAIDS, wato shirin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kanjamau, da NACA, hukumar yaƙi da kanjamau ta nan gida Najeriya. Ki karanta ki fahimta ki rubuta da bakinki, kwafo rubutun wani yadda yake satar fasaha ce kuma za a goge. Duk alƙaluman da kika saka ki haɗa da shekararsu, misali babban binciken ƙasa kan yaɗuwar HIV da ake kira NAIIS na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar, kusan mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, in kin rubuta lambar ba shekara bayan wani lokaci ta zama ƙarya.

Ni da zan zaɓa miki inda za ki fara, abubuwan da mutum yake nema cikin tashin hankali zan zaɓa. Cewa ɗaukar ƙwayar HIV daban, kaiwa matakin kanjamau daban, mai shan maganinsa kan ƙa'ida yana iya rayuwa ba tare da ya kai can ba. Cewa sauro da musabaha da cin abinci kwano ɗaya ba sa yaɗa ta. Cewa akwai maganin kariya na gaggawa mai suna PEP da ake farawa cikin awa 72 bayan an yi zargin haɗuwa da ƙwayar a sha na kwana 28. Cewa mai ciki in tana kan magani ana iya kare jaririnta. Wallahi mutane da yawa da za su ji nauyin tambayarki ido da ido za su karanta wannan a wayarsu.

Oga ya ake rubuta k da d da b masu lankwasa a waya?

Ka sauke Gboard, wato manhajar allon rubutu ta Google, in babu a wayarka, ka shiga saitinta wajen harsuna ka ƙara Hausa, daga nan in ka danne k ko d ko b na ɗan lokaci mai lanƙwasar zai fito. A hira da abokai ba komai in ka bari, amma a Wikipedia ka daure ka saka.

Mu matasa ne a Agege muna so mu hadu mu gyara shafukan kafin 1 ga Disamba, amma biyu a cikinmu suna shiga aka ce an toshe su alhali basu taba rubuta komai ba. Kuma ya zamu raba aikin?

Madalla da ku ƙannena, ranar ma kun zaɓe ta daidai, tun 1988 ake ware 1 ga Disamba don wannan cuta. Toshewar nan galibi ba ku aka nufa ba. Kamfanonin waya suna raba lambar IP ɗaya, wato adireshin da ake gane na'ura da shi a intanet, ga mutane da yawa, in wani ya yi ɓarna aka toshe rukunin lambobin sai ta shafi wanda bai ji ba bai gani ba. Ku fara kashe VPN, manhajar da take ɓoye lambar IP ɗinku, in a kunne take, don Wikipedia tana toshe yawancinsu, ku bar Opera Mini ku koma Chrome ko Firefox, ku gwada layin wani kamfanin. In duk bai yi ba saƙon toshewar yana ɗauke da yadda ake neman a buɗe, ku bi shi. Sannan kowa ya buɗe asusunsa a gida tun kafin ranar, saboda akwai iyakar asusun da ake iya buɗewa daga waifai ɗaya a rana.

Rabon aiki kuwa, kar mutum biyu su shiga sashe ɗaya lokaci ɗaya, gyaran zai yi karo. Kowane shafi yana da shafin tattaunawa a bayansa, ku rubuta a can wane ya ɗauki wane sashe don wanda yake Kano ko Zariya ya san da ku, kar ku bar komai a gurup na WhatsApp. Wani ya ɗauki tarihi, daga rahoton farko a Amurka a 1981, zuwa gano ƙwayar a cibiyar Pasteur ta Faransa a 1983, zuwa sanar da ita a Najeriya a 1986, zuwa haɗakar magungunan da suka canza komai a 1996. Wani ya ɗauki dokar Najeriya ta hana nuna wa masu HIV wariya ta 2014, wadda mutanenmu da yawa ba su ma san da ita ba. Wani ya duba hukumomi irin su LSACA mai yaƙi da kanjamau a jihar Legas da cibiyar binciken lafiya ta NIMR da ke Yaba.

Akwai manhajar fassara a cikin Wikipedia da take ɗauko shafin Turanci ta ba ku Hausar inji, tana rage aiki amma dan Allah kar ku wallafa yadda ta ba ku, irin haka ne yake haifar da murɗaɗɗiyar Hausar da 'yar'uwarmu ta yi kuka da ita. Ku zauna bibbiyu, ɗaya mai sanin lafiya ɗaya mai kunnen Hausa, a karanta da ƙarfi, jimlar da mahaifiyarka ba za ta gane ba a sake ta. Ku nemi ƙungiyar Hausa Wikimedians, sun saba shirya irin wannan zama. Hoto kuma kar wanda ya je asibiti ya ɗauki masu jiran magani.

Na saka bayanin wani mai maganin gargajiya a wajen Mile 12 da yake warkar da kanjamau, da idona naga wanda ya warke, amma aka goge. Wannan ba son kai bane?

Malam na san da niyyar taimako ka yi, amma wanda ya goge ya yi daidai, ni ma da na gani zan goge. Har yau babu maganin da aka tabbatar yana fitar da HIV daga jiki a sha a warke, abin da ake da shi maganin da yake danne ƙwayar ne har gwajin yawanta ya kasa ganinta, kuma wanda ya kai wannan matakin ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Amma ƙwayar tana nan a ɓoye, da an daina shan magani za ta dawo, wani lokacin ma ta dawo tana bijire wa maganin. A 2007 shugaban Gambiya na lokacin Yahya Jammeh ya ce yana warkarwa da haɗin ganyayyaki, aka sa mutane suka ajiye magungunansu, wasu suka rasa rayukansu. Layi ɗaya irin naka yana iya sa wani ya ajiye nasa. Wanda ka gani ɗin ka taimake shi ya koma asibiti a duba yawan ƙwayar a jininsa. In kana da ja ka kai shafin tattaunawa, kar ka yi ta mayar da rubutun ana gogewa, toshe ka za a yi.

Ina dauke da cutar ba wanda ya sani sai mijina. In na karanta ko na gyara shafin za a gane ni?

Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Karatu ba ya fitowa a fili, babu wani mai amfani da shafin da zai ga abin da kika karanta, inda ake kama mutum a wayarsa ne, tarihin burauza, musamman in yara suna ɗaukar wayar ko an kai ta gyara kasuwar wayoyi ta Computer Village. Ki riƙa buɗe shafin sirri na Chrome, wanda alamarsa hula da tabarau ce, ki rufe shi in kin gama. Gyara kuwa a fili yake, kowa yana iya ganin sunan asusun da shafukan da ya taɓa, don haka ki zaɓi sunan da ba naki ba, ba na 'ya'yanki ba, ba wanda kike amfani da shi a Facebook ba, kar ki rubuta unguwarku ko labarin kanki a shafin asusun. In kin ga wani ya rubuta sunan mutum ya ce yana da cutar ki cire nan take, sannan ki tura wa masu kula da shafin imel su ɓoye shi daga tarihi, kar ki maimaita sunan a shafin tattaunawa don can ma kowa yana gani.