Ustaza, kar ki jefar da wasan, gyara yake so

Wa alaikumus salam Ustaza, sannu da ƙoƙari. Tambayarki ta sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi, don wannan ciwon na san shi. Kin ce kin kawo Monopoly, wasan allo na sayen filaye da karɓar haya, aji don yara su ga yadda tazara ke buɗewa tsakanin mai hali da talaka, kin ba wasu kuɗi da yawa wasu kaɗan, hissa, wato lokacin darasi, ta ƙare da kuka da zage-zage, washegari wani uba ya je wurin mudir, shugaban makaranta, yana cewa caca ake koya wa 'ya'yansu. Kina tambaya ki bari ko akwai gyara. Akwai.

Ba ki faɗi yadda kika raba matsayi ba, amma yawanci nan ake yin ɓarnar. Malami kada ya zaɓa da hannunsa. A rubuta lamba 1 zuwa 5 a 'yan takardu, a zuba a hula, kowa ya ɗauka idon kowa na gani. Ko da ƙuri'ar ma, ki san ajinki. Idan yaron da ubansa ɗan kambo ne, wato zangon 'yan ƙodago, ba shi da hawasha, gonar da aka yanka masa, sai aikin gonar wani, ya ɗauko lamba 5, ta mafi talauci, an gama. A minti biyar na farko zai yi dariya tare da kowa. Daga nan sai ki ga ya daina jefawa da kuzari, ya ninke 'yan takardun kuɗin da suka rage masa ya danne su ƙarƙashin cinya, idan an tambayi haya sai ya miƙa ba tare da ya ɗago kai ba. Sai wani ya ce "ai dama haka kuke," aji ya fashe da dariya, shi kuma ya yi murmushin dole. Wallahi babu abin da ya kai wannan ɗaci a aikinmu, domin kai malami da hannunka ka shirya masa dandalin. Kuma sunan yana bin yaro har wajen fatur, wato karin kumallo, har hanyar gida, wani lokaci har ƙarshen zango. Wanda ya yi kuka gara shi, an ga nasa. Wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro.

Maganinsa shi ne kowace kujera mutum biyu: ɗaya yana jefawa, ɗaya yana riƙe da takardar lissafi. Talauci idan na mutum biyu ne a wasa, sai ya zama abin raha a tsakaninsu. Ke kuma ki haɗa biyun da kanki kafin ƙuri'a, ɗan mai shago da ɗan ƙodago a kujera ɗaya. Aji mai yara 50 yana buƙatar allo 5, kowane allo kujera 5. Ba sai kin sayi biyar ba, a wannan tsadar. Kwalin sukari ko na sabulu ya isa, a zana gurabe 40 a kewaye, a kwafe farashi daga na asali, kuɗin kuma a yanka daga tsofaffin littattafan rubutu.

Ga rabon da ke aiki. A ƙa'idar wasan kowa yana farawa da 1500, mutum biyar ke nan 7500. Ki bar jimillar a 7500 ɗin, ki raba haka: 3500, 2000, 1200, 600, 200. Ki rubuta a allon bango su gani da idonsu cewa kuɗin bai ragu ba, rabon ne ya canza. Albashin kammala zagaye, maimakon 200 ga kowa, ya zama 400, 250, 150, 100, 50.

Akwai tarko a nan da mutane ba sa lura. Gurbi na huɗu daga mafari harajin 200 ne. Mai 200 idan ya jefa 4 a jifar farko, ya karye tun bai zauna ba, kuma da ƙwayar ludo biyu hakan na faruwa sau ɗaya cikin sha biyu. Yaron da ya fita daga wasa a minti na biyu shi ne zai tayar miki da aji. Saboda haka doka: babu mai fita. Wanda ya karye zai ci shel, wato bashi mai riba, wurin mai 3500, ya karɓi 100 ya biya 150 idan ya kammala zagaye. Albashinsa 50 ne, ki bar su su yi lissafin da kansu. Yaranmu ba sa buƙatar bayanin shel, sun ga manomi ya karɓi kuɗi da damina ya biya da buhunan dawa a farashin banza da kaka. Ki dai faɗa da bakinki tun farko cewa zalunci ne ake nunawa, kada wani ya je gida ya ce Ustaza tana koyar da riba.

Sannan lokaci. Jifa ɗaya a matsakaici gurbi 7 ne, zagaye ɗaya kusan jifa shida, kujera biyar jifa talatin. A minti 20 da ƙyar a yi zagaye biyu zuwa uku, ba wanda zai kai ga gina gida, tazarar ba za ta fito ba. Don haka mai 3500 ya fara da gado: filaye ukun nan masu launin lemo, da gida ɗaya a kan kowanne. Su aka fi faɗawa a allon, saboda suna gurbi 6, 8 da 9 daga gurbin kurkuku, inda ake yawan tura 'yan wasa. Hayarsu da gida ɗaya 70, 70, 80. Kada ki sa gida biyu, haya za ta tashi 200 da 220, ki kashe na ƙasa da wuri.

Maganar mudir kuwa, Allah ya ba ki haƙuri. Irinsu na nan a ko'ina. Ka kai masa shiri, ya ce "madalla, ci gaba," yana duba waya. Ranar da uba ya shigo ofis da hayaniya sai ya zare ido kamar yau ya fara jin labarin, ya sa a kira ka gaban uban, ya yi maka faɗa kamar ɗan aji uku don ya wanke kansa. Ba zai tambayi me yaran suka koya ba, ba zai leƙa takardar lissafi ko ɗaya ba. Albashin da ba ya zuwa kan lokaci, alli ma wani lokaci daga aljihunka, amma mutuncinka shi ne abu na farko da za a sayar don a rufe bakin mutum ɗaya. Abin ya fi ƙona rai idan ka tuna wanda bai taɓa gwada komai ba, sai kwafe littafi a allo, shi ba a taɓa kiransa ofis. To ki rubuta shirin a shafi ɗaya, manufa da matakai, ya sa hannu kafin ranar. Ki ajiye kwafi.

Shi uban ma yana da hujjarsa, akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana wasan nardi, wani wasan allo da ake yi da ƙwaya, malamai da yawa sun sa ƙwayar jifa a ciki. Kada ki ja da shi. Ki cire ƙwayar, ki sa takardu masu lamba a jaka biyu, kowacce 1 zuwa 6, a zaro ɗaya-ɗaya a haɗa a mayar. Lissafin bai canza ba.

Idan ya ce wasan 'yan jari-hujja ne, asalinsa akasin haka ne. Wata Ba'amurkiya, Elizabeth Magie, ta yi rajistarsa a 1904 don ta nuna yadda masu ƙasa ke tatse masu haya, bisa ra'ayin masanin tattalin arziki Henry George. Kamfanin Parker Brothers ya fitar da shi da sunan Monopoly a 1935.

Babban abin da nake zargi shi ne ƙararrawa ta kaɗa kuna tsakiyar wasa, yara suka fita da fushinsu. Hissa biyu a jere ake nema. Minti 10 bayani, 20 wasa, ki tsayar ko ana tsakiyar jifa. Kowa ya ƙirga kuɗi da filaye a rubuta a allo kusa da abin da ya fara da shi. Sai kowa ya tashi, ya yage takardar lambarsa, ya canza wurin zama. Kada ki tsallake wannan. Sannan ki fara tambayar masu 3500: me ya sa kuka ci? Za su ce dabara, za su ce mun iya saye. Ki yi shiru, sauran za su ba su amsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Paul Piff, ya yi irin wannan gwaji a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, aka zaɓi mai kuɗi da jefa kwabo, aka ninka masa jari da albashi, amma bayan minti 15 masu nasarar suna ta bayanin dabarunsu. Daga nan ki kawo su gida: mai mashru'i, wato babbar gona, na faddan 1000 a Gadarif da jungo, 'yan ƙodagon da ke yanka masa riɗi, ko Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, wa ya samu hawasha, wa ya zo tsinkar auduga, jikokinsu ina suke yau.

Sunan ƙabila kada ya shiga, ko da wasa. Lamba kawai. Bayan rikicin ƙabilanci kan ƙasa da ya faru a Damazin da Rusairis a 2022, kalmar ƙasa da wa ya mallake ta ba ƙaramar magana ba ce a kunnen yaranmu. Haka idan kina da yaran da yaƙi ya koro, waɗanda iyayensu suka bar gida da shago suka fito da kayan jikinsu, ki gaya musu tun jiya abin da za a yi, wanda ba ya so ya riƙe banki.

Sauran mintin ki bar su su gyara dokar su sake bugawa kaɗan. Kusan kullum zakka za su fara kawowa. Kashi 2.5 na 3500 bai kai 90 ba, zai biya wa na ƙasa haya ɗaya. Ki tuna musu zakka duk shekara ake fitarwa, ga ta amfanin gona, ga haramcin riba, ga rabon gado da ke wargaza dukiyar mutum ɗaya, kada yaro ya ɗauka ba ta da amfani. Su gwada soke shel, su gwada raba filayen lemon nan tsakanin magada uku, su kwatanta lissafin.

Kuɗin takardar ki karɓe su duka a bakin ƙofa, ki ƙirga. Idan suka fita da su, gobe za ki tarar an buɗe kasuwar shel a bayan aji.