Da mu ne muke zuba wa kanmu mai, da farashin fetur zai sauka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direban tasi ne a Nima, nan Accra. Ƙanena da ke zaune a Bronx, cikin birnin New York, ya ce min a can Amurka kai ne za ka sauko daga mota ka zuba wa kanka fetur, ba wanda zai zuba maka. Shi ne nake tunani, da za a yi haka a Ghana a huta da biyan albashin yaran gidan mai, ashe kuɗin lita ba zai ragu ba? Kuma don Allah, mene ne yake sa mai ya yi ta hawa yana sauka kamar ba mai iko da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam direba. Allah ya kiyaye hanya, ya kawo kasuwa.

Gaskiya ƙanenka ya faɗa, amma ka sake kiransa ka ce ya haye gadar George Washington ya shiga jihar New Jersey, ya ga abin da zai faru idan ya miƙa hannu zai ɗauki tiyo. Tun 1949 dokar jihar ta hana mai mota zuba wa kansa fetur, sai dai ya zauna a mota ma'aikaci ya zo. Duk da haka an yi shekaru masu yawa man New Jersey yana cikin mafi araha a wannan yanki, har mutanen New York kan tsallaka su cika tanki. Ba don komai ba sai don harajin mai na jihar ya yi ƙasa. A 2016 aka ƙara musu senti 23 a kan kowane galan, sai ratar ta tsuke. Ma'aikatan suna nan kafin ƙarin, suna nan bayan ƙarin, farashi kuwa harajin ya bi. Jihar Oregon ma ta riƙe irin wannan doka daga 1951 har 2023, kuma da ta sassauta sai ta ce wanda ya zuba da kansa da wanda aka zuba wa kuɗi ɗaya za su biya.

To mu dawo gida mu yi lissafi, irin na bayan takardar biredi. Mu ƙaddara akwai gidan mai a kan titin Nima da ke sayar da lita 10,000 a rana. A wata ya zama lita 300,000. Mu ƙaddara yana da masu zuba mai shida, kowanne ana ba shi sidi 1,500, jimla sidi 9,000. Raba 9,000 gida 300,000, za ka samu fesuwa 3 a kan kowace lita. Misali ne na kafa, ba littafin wani gidan mai na buɗe ba, amma ko ka ninka albashin sau biyu, ka rage cinikin da rabi, ba ka wuce fesuwa 12 ba. Sai ka ajiye wannan kusa da harajin sidi 1 a kan kowace lita da majalisa ta amince da shi a watan Yunin 2025 don biyan bashin da ya danne ɓangaren wutar lantarki, aka fara karɓa a Yuli. Haraji guda ɗaya tak, fesuwa 100. Wanda ya ɗora tsadar mai a kan albashin yarinyar da ke tsaye cikin rana da rigar kamfani, ya bar jaki yana dukan taiki.

Kuma ko fesuwa 3 ɗin ba lallai ta shigo aljihunka ba. Zuba wa kai yana tafiya ne da famfon da ke karɓar kati ko kuɗin waya da kansa, da kyamarori, da wanda zai zauna a ciki yana sa ido yana buɗewa yana rufewa. Kayan nan duka da dala ake shigo da su. Mu kuwa yawancin cinikinmu na tsabar kuɗi ne da MoMo, wato kuɗin waya: mai babur ya zo da sidi 20, direban trotro, wato bas ɗin haya, ya zaro canjin da yaron motarsa ya tara, mai janareta ya zo da jarka. Dole dai a samu hannun da zai karɓa ya ƙirga. A Amurka da Turai, inda albashin awa ɗaya yake da nauyi, na'ura ta fi mutum arha, shi ya sa abin ya bazu bayan da aka fara shi a Los Angeles a 1947. A nan kuwa na'urar ce mai tsada. Wasu ƙasashen ma da gangan suka toshe ƙofar: Brazil ta yi doka a 2000 ta hana famfon zuba wa kai don kare aikin masu zuba mai, a Afirka ta Kudu kuma har yau ma'aikaci ne ke zuba maka.

Akwai kuma maganar wuta. Gobarar da ta tashi a gidan man Circle da ke nan Accra daren 3 ga Yunin 2015, wadda ta ci mutum fiye da 150 da suka fake wa ruwan sama, ambaliya ce ta kwaso mai ta kai shi ga wuta, ba ruwanta da wanda ya riƙe tiyo. Amma duk wanda ya ga wannan dare ba zai yi gaggawar sakar wa kowa famfo ba, a garin da sai an yi da gaske mutum yake kashe injin kafin a zuba masa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kuɗin litar da kake biya hawa uku ne: kuɗin man kansa har ya iso tashar ruwa ta Tema, sai haraji iri-iri, sai ladan waɗanda suka adana shi, suka ɗauko shi, suka sayar maka.

Hawan farko shi ne mafi girma, shi ne kuma ba mu da iko a kansa. Za ka ce ai Ghana tana haƙo mai. Haka ne, an gano rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙowa a Disambar 2010, daga baya rijiyoyin TEN da Sankofa suka biyo. Sai dai ɗanyen mai ne, mota ba ta shan sa, kuma yawancinsa waje ake fitarwa a sayar da farashin duniya. Matatar Tema da aka gina a 1963, mai iya tace ganga 45,000 a rana, ta daɗe tana fama da bashi da tsayawar aiki. An buɗe matatar Sentuo mai zaman kanta a Tema a Janairun 2024, amma har yanzu mafi yawan fetur da dizal da muke ƙonawa tatacce ake shigo da shi ta jirgin ruwa. Ko matatar gida ma da dala take sayen ɗanyen mai, don haka kada ka sa rai za ta ba ka rabin kuɗi.

Ma'anar wannan ita ce ana ɗora maka farashi biyu a lokaci guda: farashin tataccen mai a kasuwar duniya, da farashin dala a kasuwar Accra. Ɗaya ya kwanta ɗaya ya tashi, ka ji shiru. Su tashi tare, ka ji a jikinka. Ka tuna 2022. Rasha ta shiga Ukraine a Fabrairu, gangar ɗanyen mai ta haura dala 120 a Maris. Sidi kuma, da aka shiga shekarar ana canza dala ɗaya a kan wajen 6, kafin Nuwamba ta kusa 15. A wannan wata litar dizal ta haura sidi 23. Ba a ƙara wa masu zuba mai albashi ninki uku ba a shekarar nan, Malam. Wannan ƙuncin ne ya haifi shirin biyan kuɗin mai da zinari da gwamnati ta fara a farkon 2023, don a rage wawar dala da masu shigo da mai ke yi. Da sidi ta farfaɗo a tsakiyar 2025, daga wajen 15 ta dawo kusa da 10, sai ga farashin famfo ya biyo ta ƙasa, alhali yaran gidan mai suna nan inda suke.

Hawa na biyu haraji ne, kuma a nan ne gwamnati take da hannu dumu-dumu. Akwai na asusun gyaran hanyoyi, akwai harajin mai na musamman da aka kawo a 2014, akwai waɗanda suka samo asali daga dokar harajin makamashi ta 2015 don biyan tsofaffin basussukan wuta da na matata, ga kuma sidi 1 ɗin da na ambata. Ra'ayina a nan shi ne, ana son harajin mai ne don ba a iya guje masa. Mai shago zai iya ɓoye cinikinsa, amma direba ba zai iya ɓoye tankinsa ba, kuma duk abin da ya biya fasinja da mai sayen tumatir a kasuwar Agbogbloshie ne za su rama masa.

Hawa na uku shi ne ladan 'yan hanya. Kamfanin BOST na gwamnati yana da kasonsa na rumbunan ajiya, irin na Accra da Kumasi da Buipe da Bolgatanga. Akwai kuɗin sa wa mai alama don a gane wanda aka gauraya. Akwai asusun daidaita kuɗin dako, wanda shi ne yake sa mutumin Tamale ba ya biyan kuɗin tafiyar tanka daga Tema shi kaɗai, duk ƙasa ake raba wa. Sai ribar kamfanin da sunansa ke jikin allo, sai ta dilan da ke riƙe da gidan man. Daga cikin wannan 'yar ribar ta ƙarshe dila yake biyan wuta, da haya, da mai gadi, da albashin da kake son a soke.

Game da wanda ke yanka farashi: hukumar kula da harkar mai ta ƙasa, NPA, wadda aka kafa a 2005, ita ce take sanarwa a da. Daga tsakiyar 2015 aka sakar wa kamfanoni mara, kowa ya lissafa nasa, sau biyu a wata, ranar 1 da ranar 16. Shi ya sa za ka ga GOIL da Star Oil da TotalEnergies da Shell a kan titi ɗaya, alluna huɗu, lambobi daban. Tun 2024 kuma hukumar tana sa mafi ƙarancin farashin da ba a yarda kowa ya sayar ƙasa da shi ba. Ka ga ko wani ya kori ma'aikatansa duka, akwai iyakar inda zai iya saukowa.

Abin da ke ba direbobi haushi, na sani, shi ne hawa da gudu, sauka da rarrafe. Wani ɓangaren dalilin na gaskiya ne: man da ke cikin rumbu yau an saye shi ne makonnin baya da tsohon farashi, mai shigo da shi kuma yakan karɓa bashi ya biya da dalar da bai san nawa za ta kai ba, sai ya yi lissafi da tsoro. Wani ɓangaren kuwa son riba ne kawai, babu wanda ke son zama na farkon saukewa.

Na san akwai wata damuwar da ba ka faɗa ba, wadda ita ce take sa mutane da yawa sha'awar riƙe tiyo da kansu: zargin ana danne musu lita. Ya taɓa faruwa da ni a wani gidan mai a hanyar Kumasi, na shagala da waya, aka ɗora min a kan lambar wanda ya riga ni. Amma ka lura, idan famfon ne aka taɓa, ko kai ka riƙe tiyon haka zai cuce ka. Don haka ka sauko daga mota, ka ga lambar ta koma sifili kafin a fara. Ka duba takardar shaidar Hukumar Ma'auni ta Ghana da ake mannawa a jikin famfo. In ranka bai kwanta ba, ka nemi a kawo gwangwanin awo na lita 10 da ake buƙatar kowane gidan mai ya ajiye, a zuba a gabanka. Ka riƙa sayen mai da lita, ba da galan ba, don galan ɗinmu na Ingila ne, wajen lita 4.5, na ƙanenka kuwa bai kai lita 4 ba, kada ku yi ta musu a waya kuna auna abu biyu daban. Idan kuma ka ji dala ta yi tsalle a makon biyu na wata, ka cika tanki ranar 15 da yamma.