Tambayoyinku kan Fasaha: 'Yar Na'urar Baba, Littafin Bashi da Ƙararrawar Magani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bara. Da muka zo kwashe kayan ɗakinsa sai muka tarar da wata 'yar na'ura ƙirar Casio, kamar kalkuleta amma tana buɗewa kamar littafi, ga haruffa a jikinta. Tun yana aiki a sakatariya a cikinta yake rubuta lambobin mutane da bayanin gonaki da sunayen waɗanda yake bi bashi. Ta fi shekara goma sha biyar a akwati. In na sa mata batir, abin da ke ciki zai dawo? Daga Tudun Wada, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, gara in faɗa maka tun yanzu don kada ka sa rai da yawa: da wuya ka samu komai a ciki.

Dalili kuwa, irin ƙwaƙwalwar da aka sa wa yawancin waɗannan na'urori ba ta riƙe rubutu sai da ɗan wutar da ke ratsa ta dare da rana, ko da na'urar a kashe take. Kamar garwashin da ake binnewa a toka ne ya kwana. Muddin da sauran zafi, da safe a hura ya tashi, in kuwa ya mutu to ya mutu. Shi ya sa da yawa daga cikinsu ke da batir kashi biyu, akwai na aiki, akwai kuma wani guda da aikinsa gadin ƙwaƙwalwa kawai. Galibi irin mai kama da kwabo ne, wanda aka rubuta CR2032 a bayansa, irin na makullin mota da na'urar gwajin suga. Shekara goma sha biyar ta yi wa mai gadin nan yawa.

Duk da haka ka gwada, ba ka da asarar da ta wuce kuɗin batir. Amma ka bi a hankali. Kada ka cire batiran duka a lokaci guda. Fara da na aikin, ka sa sababbi ka rufe, ka bar mai gadin a inda yake. A bayan na'urar za ka ga wani ɗan rami da ake tsikara da bakin biro, kada ka taɓa shi, hanyar goge komai ce. In ta kunnu ta tambaye ka ko ta share abin da ke ciki, ka zaɓi a'a. In Allah ya sa sunaye suka fito, kada ka ce sai gobe, ɗauko wayarka nan take ka ɗauki hoton kowane shafi. In kuma ta buɗe fayau babu komai, kada wani mai gyara ya karɓi kuɗinka da sunan zai ciro maka, babu abin cirowa. Ka koma akwatin nan ka ƙara dubawa, dattawan zamanin ba kasafai suke sakin takarda ba, wataƙila akwai dayari ko 'yan takardu a wani lungu. Maganar bashi da gona kuwa, ko da na'urar ta kawo sunaye, shaidu da takarda za a nema wajen rabon gado.

Tunda ka taɓo ta, bari in ɗan tsaya a kan dangin wannan na'ura, don matasa da yawa ba su san an yi su ba. Wani kamfanin Ingila mai suna Psion ya fitar da tasa tun 1984. Apple ya gwada da Newton a 1993, ba ta karɓu sosai ba, aka daina yin ta a 1998. Wadda ta yi tashe ita ce Pilot ta kamfanin Palm a Amurka, da ta fito a 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato. Wanda ya ƙirƙiro ta, Jeff Hawkins, kafin a ƙera ta sai da ya sassaƙa katako daidai girmanta ya riƙa yawo da shi a aljihun riga, yana ciro shi yana yi kamar yana rubuta alƙawari, don ya ga ko mutum zai jure ɗaukar abin kullum. Manyan ayyukanta huɗu ne: kalanda, lambobin mutane, jerin abin da za a yi, da 'yan rubuce-rubuce. Ƙaramar cikin nau'o'in Pilot ɗin ƙwaƙwalwarta kilobayit 128 ce, hoto guda da wayarka za ta ɗauka yau ya ninka wannan sau da yawa. Amma ƙananan batira biyu irin na rimot sai su kai ta makonni, kuma kana danna maɓalli ta buɗe, ba jira, ba talla, ba saƙon da zai ɗauke maka hankali.

Ita ma tana da ciwon nan na mantuwa. In za ka canza batir, kusan minti guda gare ka. Ni kaina na taɓa riƙe wata irinsu ta hannu lokacin ina ɗalibi, na cire batir, aka yi sallama na fita, kafin in dawo lambobin shekara biyu sun bi iska. Sai wajen 2004 zuwa 2005 Palm ya fara sa ƙwaƙwalwar da ba ta mantuwa in wuta ta ɗauke. Abin da ya ceci masu ita kafin nan shi ne 'yar kujerar da ake ɗora ta a kai, mai igiya zuwa kwamfuta. Ka danna maɓalli guda, duk abin da ke cikinta ya kwafu. Wanda ya saba yin haka kowace yamma bai taɓa kuka ba. A nan ƙasar kuwa ba su daɗe ba wayar salula ta iso a 2001, daga baya BlackBerry da iPhone da Android suka haɗiye aikinsu gaba ɗaya. Shi kansa kamfanin Palm, HP ya saye shi a 2010.

Tambaya: Malam, ni ɗan hatsi ne, ina cin kasuwar Talata Mafara da ta Shinkafi. Wagga waya ita ce littafina, duk wanda ya ɗauki buhu bashi ciki nike rubutawa. Ta faɗi ta daina kawowa, na kai gyara aka yi mata filashin, komai ya tafi, har lambobin abokan ciniki. Wani yaro ya ce mini akwai wata na'ura ta da, da ba ruwanta da intanet, aikinta ajiye lissafi kawai. In nemo ta?

Amsa: Alhaji, sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri. Kada ka nemo ta. Irin wadda muka gama magana a kanta ce a sama, manyan kamfanonin sun daɗe da daina yin ta, wadda za ka samu ta hannu ce da ta haura shekara ashirin, ba kayan gyara, ba igiyar da za ta haɗa ta da kwamfutar yau. Ka gudu daga ruwa ka faɗa rijiya ke nan.

Sai dai yaron nan bai yi wauta ba da ya kawo zancen intanet. Mu a Zamfara mun ga abin da ya faru a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Makonni aka yi mutane na ƙetarawa maƙwabtan jihohi don kiran waya kawai. A lokacin ne da yawa suka gane cewa wasu manhajojin da suke ajiye lissafi a ciki ba sa ko buɗewa in babu sabis. Don haka duk manhajar da za ka damƙa wa bashinka, yi mata wannan gwaji tun ranar farko: danna alamar jirgin sama a wayar, layi ya ɗauke, sannan ka buɗe ta. In ka ga tsohon rubutunka kuma ta bar ka ka ƙara sabo, ta ci jarrabawa. Google Keep, misali, tana ajiye rubutu a cikin wayar, in sabis ya dawo ta tura kwafi asusunka na Google. Ita kuwa manhajar rubutu da ke zuwa da waya, sau da yawa a cikin wayar kaɗai take ajiya, sai in ka shiga asusun kamfanin da ya ƙera ta. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

Lambobi ma haka. Wurare uku waya ke iya ajiye su: kan sim, cikin wayar, ko asusun Google. Sim ba ya ɗaukar fiye da kimanin 250, kuma suna da lamba guda kawai yake riƙewa. Na cikin waya da filashin suke tafiya. Na asusun Google su ne ke biyo ka duk wayar da ka koma, kuma ko ka goge lamba bisa kuskure tana nan a kwandon shara har kwana 30. Kafin ka fidda rai, ka sa a shiga tsohon asusunka a duba, mai yiwuwa wasu lambobin na can.

A nan ne kuma gizo ke saƙa. Mutum nawa ne a kasuwa suka san adireshin asusunsu da kalmar sirrinsa? Yaron shago ne ya buɗe ranar da aka sayi waya, ya sa abin da ya ga dama, ya manta. Ranar da waya ta lalace sai a buɗe sabo, tsohon ya zama rumbun da makullinsa ya ɓata. Ka zauna da ɗanka ko wani amintacce, a rubuta adireshin da kalmar sirrin a takarda, a ajiye inda kake ajiye takardun gida. Lambar da aka jingina wa asusun kuma ta zama layin da kake amfani da shi kullum, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba kamfani na iya ba wani.

Ra'ayina a kan bashi, ko da za a ce ni mai fasaha na koma baya: ka sayi littafi mai bango mai kauri, shi ne uwa, waya ta zama 'yar rakiya. Duk daren kasuwa ka ɗauki hoton shafin ranar ka tura wa ɗanka ko ƙaninka ta WhatsApp. Na ce wani, ban ce kanka ba, don saƙon da ka tura wa kanka a wayarka yake zaune, in ta tafi ba ka kunna ajiyar kwafi ba, tare za su tafi. Littafi na iya jiƙewa a damina, waya na iya faɗuwa, amma da wuya su yi rana guda. Sannan ka daina barin waya a gaban mota cikin rana. Zafin Afrilu a nan yakan haura digiri 40, kuma ba abin da ke tsufar da batir ya kumbura shi kamar zafi.

Tambaya: Mahaifiyata na shan maganin hawan jini safe da dare. Na sauke wata manhaja mai tunatarwa, wata rana ta yi ƙara, wata rana shiru. Wayar ce ta lalace? Daga wata malamar makaranta a Gummi.

Amsa: Malama, Allah ya ba Mama lafiya. Wayarki lafiya lau, tsimin caji ne ya yi mata yawa. Wayoyin Android na kashe manhajojin da suka ga ba a buɗe ba don batir ya daɗe, kuma ba su san wannan ta magani ce waccan ta wasa ba. Shiga saitin wayar, ki nemo sunan manhajar, a sashen batir ki cire mata takunkumi, ki tabbatar an ba ta izinin turo sanarwa da na kaɗa ƙararrawa. In kina da manhajar nan mai share-share da ke cewa tana ƙara wa waya gudu, sau da yawa ita ce mai laifin. Ki kuma duba ƙarfin sautin ƙararrawa, daban yake da na kira.

Amma da ni ne, ba zan jingina magani da manhajar da aka sauke ba. Agogon da ya zo da wayar ya fi ta amana, don tsarin wayar ba ya yi masa irin wannan kisan. Wanda ya fi duka kuwa, ƙaramar waya mai tocila. Caji guda ya kai ta kwanaki, da yawansu kuma ko a kashe suke ƙararrawa na tashi, abin da manyan wayoyi da dama ba sa yi. Ki saita ta ki ajiye kusa da ledar maganin a ɗakin Mama, don in kina aji wayarki na jaka, ƙarar ba ta amfane ta da komai ba. In likita ya yarda da lokutan, ki haɗa mata shan maganin da sallar asuba da ta isha'i, waɗannan ba sa wuce ta.

Tambaya: Zan iya sa kwanan watan Musulunci ya riƙa fitowa a kalandar wayata? Ɗalibi daga Kaura Namoda.

Amsa: Za ka iya. A Google Calendar, shiga saiti, sashen gama-gari, akwai wurin zaɓen kalanda ta biyu, ka zaɓi ta Hijira, sai kwanan watan ya riƙa fitowa kusa da na Turawa. Sai dai lissafi take bi, ba ganin wata ba, don haka takan saɓa da namu da kwana guda. Ranar ɗaukar azumi da ta sallah, ka saurari sanarwar fadar Sarkin Musulmi.