Amsa: AS FAR ta sojojin Maroko ce

Ɗan'uwa, ka tambaya ko AS FAR, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Rabat, ƙungiyar soja ce da gaske. Ƙwarai kuwa, FAR ɗin ma gajeren sunan rundunar sojojin masarautar Maroko ne. A 1958 aka kafa ta, a ƙarƙashin Yarima Hassan wanda daga baya ya zama Sarki Hassan na Biyu. Ita ce ƙungiyar Maroko ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Afirka, a 1985, bayan ta lallasa Bilima ta Zayar da ci 5-2 a karon farko na wasan ƙarshe. A shekarar ne ma ɗan wasanta Mohamed Timoumi ya zama gwarzon Afirka. Mu 'yan Najeriya ba ma son tuna 2005, lokacin da ta casa ƙungiyarmu ta Dolphins 3-0 a Rabat ta ɗauke kofin Confederation. Bayan 2008 kuwa sai ta yi sanyi, ba ta sake cin kofin lig ba sai 2023.