Amsar tambayar Yaya a kan "skunk"

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, na ji saƙonki tun da asuba, ina bakin aiki ne. Kin ce kullum kina jin NDLEA a rediyo sun kama buhunan skunk, wai sabuwar ƙwaya ce ko me. Ni dai na san ba rediyo ne ya hana ki barci ba, warin nan ne da kika ji a rigar yaronmu ranar Juma'a. To saurara.

Ba ƙwaya ba ce, wiwi ce. Iri ne daga cikin irinta, kamar yadda shinkafa take iri-iri. Asalinta Kalifoniya ta Amurka, a shekarun 1970. Masu nomanta a ɓoye suka haɗa iri 3: na Afganistan, gajere mai yawan danƙo, da na Meziko da ake ce wa Acapulco Gold, da na Kolombiya. Suka yi ta barbararsu har iri ɗaya ya tsaya, suka sa masa Skunk #1. A shekarun 1980 wani Ba'amurke, David Watson, ya kai irin Holan, a 1988 kuma ita ta zo ta ɗaya a gasar wiwi da aka fara yi a Amsterdam. Daga nan ta game duniya.

Shi skunk ɗin dabba ce a can Amurka, kamar bodarinmu. Kin tuna ranar da bodari ya shiga akurkin Inna, aka kwana biyu ba a iya zama a tsakar gida? To saboda irin wannan ɗoyin aka ba ta sunan. Wari ne mai kauri, da ɗan tsami da ɗan zaƙi a ƙarƙashinsa, yana kama riga da labule, turare ba ya rufe shi sai dai su cakuɗe. A 2021 masu bincike a Amurka suka gano sinadari ne mai farar wuta yake kawo shi, dangin wanda ke cikin tafarnuwa.

A'a, bari in gyara. Wadda ake kamawa a nan ba lallai jikar ta Kalifoniya ba ce. Sunan ya zama kamar Omo, kowane garin sabulu Omo muke ce masa. Duk wiwi mai ƙarfi da wari yanzu skunk ce, har wadda ake nomawa a dazukan Ondo da Edo. Wadda ake ce wa Colorado kuwa daban take, haɗin sinadari ce, wannan sai wata rana.

Abin da take yi: ido ya yi ja, baki ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ga yunwa, yaro ya share tukunya cikin dare. Da fari dariya da surutu, sannan jiki ya mutu. Matsalar ita ce sinadarin da ke bugarwa, THC, ya yi yawa a cikinta, ɗan'uwansa CBD mai sassauta shi kuma kusan babu. A 2015 likitocin King's College sun duba marasa lafiya a kudancin Landan, suka ga mai shan irin wannan haɗarin taɓuwar hankalinsa ya ninka 3, mai sha kullum kuwa 5.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji an ce ai ganye ne kawai. Wallahi akwai yaron da aka kawo mana asibiti, shekararsa 19, har yau ina ganin sawun sarƙa a idon sawunsa, fatar ta saɓule ta yi fari. Wata 7 yana ɗaure a wani gida, ana dukansa wai a fitar da iska. Da ya zo ko ruwa ba ya karɓa daga hannun uwarsa, cewa yake an zuba masa guba. Ya zauna a lungu yana kallon fanka, wai da shi take magana. Na ce wa kawunsa tun yaushe yake shan abin nan, ya taso mini da faɗa wai na yi wa zuri'arsu ƙazafi. A gaban mutane fa! Ni ban hana addu'a ba, ni ma ina yi, amma wata 7, Yaya? Mako 3 da fara magani yaron ya karɓi kofi daga hannun uwarsa, ta fita waje tana kuka. Kawun bai sake takowa ba, ko gaisuwa.

To ke dai kada ki bari a daki yaronmu, kuma kada ki tara masa mutane. Warin riga kaɗai ba shaida ba ne, zama cikin masu sha ma yana sa shi. Ki lura mini da barcinsa, da cin abincinsa, da ko ya fara zargin ana maganarsa. Gobe bayan la'asar zan biyo, in ce ya raka ni kasuwa, mu yi magana a mota mu biyu. Ana kirana a ɗaki, sai anjima.